Neman kalmar Hausa: me za mu kira "spam"?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 za a naɗi shirin rediyo kan spam. Na rubuta "saƙon banza", amma ina neman kalmar da za ta ba ni sunan masu yi da kuma aikatau. A taimaka.

Bakatsine: "Saƙon banza" bai kama ba, don abokinka ma zai iya turo maka. Spam abu biyu ne: ba ka nema ba, kuma an watsa shi bila adadin. Manhaja irin XRumer ita ke zagaya shafukan intanet, ta yi rajista da sunan ƙarya, ta buɗe imel ta tabbatar, sannan ta liƙa adireshin intanet na shagon magani ko gidan caca. Sau da yawa ba kai take so ka karanta ba, so take Google ya ƙirga adireshin ya ɗaga shagon sama a sakamakon bincike. Shi ya sa a 2005 Google da Yahoo da MSN suka fito da alamar nofollow, wadda ake sa wa adireshi don kada a ƙirga shi. Ni "cushe" na gani: saƙon cushe, 'yan cushe, sun cusa.

Hajiyar Fagge: Cushe ya yi. Don Allah dai kada a ce damfara, sai a ɗauka 419 ake nufi, alhali wani talla ne kawai. A 2008 masana daga Jami'ar Kalifoniya sun kutsa cikin Storm, rundunar kwamfutocin mutane da aka harba wa ƙwayar cuta suna aika saƙo ba da sanin masu su ba. A saƙon tallan magani kusan miliyan 350, mutum 28 ne suka yi yunƙurin saya. Aikawar kusan kyauta ce, shi ya sa ba su fasa.

Malam Na-Ƙofa: Cushe na tuwo ne. Kalmar ita ce ƘARANGIYA. Ba ka gayyace ta ba, ta maƙale maka, ka cire ɗaya goma su kama. Wannan ita ce Hausar gado.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, to aikatau fa? "Sun ƙarangiye shafin"?

Malam Na-Ƙofa: Me ya hana? Da aka ce "sun farfaɗo" wa ya kai ƙara?

Ɗan Waya: Iyayena, a kasuwar waya kowa sifam yake cewa. Mun karɓi kwamfuta da intanet, wannan ne zai gagara?

Malam Na-Ƙofa: Yaro, ka san asalinta? Sunan naman alade ne na gwangwani da kamfanin Hormel ya fitar a Amurka a 1937. Shi za ka sa a bakin mai karanta labarai?

Badamagare: Mutanen Kebek ta Kanada, masu jin Faransanci, ba su tsaya jayayya ba, suka haɗa kalmar kwandon shara da ta imel suka ce pourriel. Mu kuwa kullum sai abin da Kano ta yanke. An taɓa tambayar Zinder ko Maraɗi?

Hajiyar Fagge: Yaya, wanda ya kawo cushe Bakatsine ne. Ina ruwan Kano?

Badamagare: Ai ke kika sa hannu.

Bakatsine: Mu koma kan aiki. Mai Shiri, ka gaya wa masu shafuka cewa gwajin karanta karkatattun haruffa, da ake yi don bambance mutum da manhaja, ba ya isa, domin akwai kamfanonin da ke biyan mutane su warware shi, dubu a kan wajen dala ɗaya. A ƙara da ɓoyayyen gurbi a fom: mutum ba ya ganinsa, manhaja kuwa sai ta cike shi, nan take a gane ta. A sa matatar saƙonni irin Akismet, a riƙe duk saƙon da ke da adireshi biyu ko fiye sai an duba. Illar matata, takan haɗa da saƙon mutanen kirki, sai a riƙa leƙa akwatin da take tara su kafin a share. Masu waya a Najeriya kuma su tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin tallan da ba su nema ba.

Mai Shiri: Na gode. Zan faɗi spam sau ɗaya a farko, sauran duk "saƙon cushe" da "'yan cushe".

Malam Na-Ƙofa: To, na gobe kawai. A darasina ƙarangiya zan ci gaba da cewa.

Badamagare: Ni har yanzu ba a amsa mini ba.