Waƙa ce ta sauya ra'ayin Turawa kan 'yan luwaɗi, ko biyo baya ta yi?

Baban Ihsan (Bronx): Salamu alaikum jama'a. Jiya Lahadi ban yi aikin kirki ba. An rufe titin Fifth Avenue na New York saboda tattakin Pride na 'yan luwaɗi da maɗigo, duk fasinjan da na ɗauka sai mun yi zagaye. Kusan kowace mota a jerin gwanon ɗauke take da manyan lasifikoki, kiɗa ne ke jan taron. Ina nan a kan bakana: mawaƙa ne suka juya tunanin mutanen ƙasar nan. A 1996 binciken Gallup ya nuna kashi 27 cikin ɗari ne kawai ke goyon bayan auren jinsi. Bai haura rabi ba sai 2011, shekarar da Lady Gaga ta saki Born This Way, waƙar goyon bayan 'yan luwaɗi, ta hau lamba ɗaya. A bikin Grammy na 2014 aka ɗaura aure 33 ana tsakiyar rera Same Love, waƙar goyon bayan auren jinsi, har da na masu jinsi ɗaya. Da shekara ta zagayo Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a ƙasar gaba ɗaya. Wannan duk haɗuwa ce kawai?

Kawu (Birmingham): Wa alaikumus salam. Baban Ihsan, ka fara lissafi daga tsakiya. Majalisar Ingila ta cire hukunci a kan luwaɗi tsakanin manya a ɓoye tun 1967, lokacin da kusan babu mawaƙin da zai iya fitowa ya faɗi haka a kansa. Tarzomar Stonewall, da 'yan luwaɗi suka yi arangama da 'yan sanda a garinku, 1969 ce, tattakin farko 1970, na Landan 1972. Su David Bowie a cikin wannan iskar suka buɗe baki.

Kuma ni ganau ne a kan abin da ya biyo baya. Ina ɗalibi a nan lokacin da Boy George yake fitowa a talabijin da kwalli da jan baki, waƙar ƙungiyarsa ce ta fi kowace ciniki a 1983. A 1984 BBC ta hana sa waƙar Relax saboda batsar da ke cikinta, amma duk da haka ta hau lamba ɗaya. Uwar ɗakin da nake haya a gidanta tana wanke-wanke tana bin waɗannan waƙoƙi baiti-baiti. To a daidai wannan lokaci ƙyamar ta ƙaru: masu cewa abin laifi ne ko ta yaya sun tashi daga rabin jama'a a 1983 zuwa kashi 64 a 1987. A 1988 gwamnatin Thatcher ta kafa Sashe na 28, wanda ya hana ƙananan hukumomi tallata luwaɗi a makarantunsu, bai faɗi a Ingila ba sai 2003. In waƙa ce ke juya mutane, me ya hana ta a shekarun da ta fi ƙarfi?

Baban Ihsan: Allah ya ƙara girma Kawu, ai ƙanjamau ne ya shigo ya tsorata su.

Maman Walid (Maryland): To ka ga ka ba da amsar da kanka, Yaya. Ƙanjamau ya tsorata su, kuma shi ne daga baya ya tona abin da ke ɓoye a gidajensu. Na yi aiki da wata tsohuwar nas da ta riƙe ɗakin masu cutar a ƙarshen shekarun 1980. Ta ce wasu ma'aikata a bakin ƙofa suke ajiye farantin abinci su juya. Iyaye kuma su zo daga ƙauye, a rana ɗaya su ji ɗansu zai mutu, su kuma ji cewa mutumin nan da ke zaune gefen gado yana goge masa baki da tawul ba abokin haya ba ne. Wasu suka kore shi, wasu suka zauna tare da shi har aka yi jana'iza. Uwar da ta ga haka, ba kaset ne ya sauya ta ba. Ƙanjamau ya kashe ɗan fim Rock Hudson a 1985, da mawaƙi Freddie Mercury a 1991, kwana ɗaya bayan ya sanar da ciwonsa, amma na cikin gida ya fi taɓa mutum.

'Yan gwagwarmayarsu sun san haka. Harvey Milk, kafin a kashe shi a 1978, kiran da ya riƙa yi musu shi ne kowa ya je ya gaya wa iyayensa da abokan aikinsa. Tsohon sanata Rob Portman ɗan Republican ne, ya goyi bayan dokar 1996 da ta taƙaita aure tsakanin mace da namiji. A 2013 ya fito ya ce ya sauya, dalilinsa ɗansa ɗan luwaɗi ne. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ma 'yarsa ce.

Auta (Chicago): Anti ta yi gaskiya, amma a ƙara da kuɗi. Kamfanin waƙa ba ya zuba jari sai ya ga kasuwa. A nan Chicago a Yulin 1979 aka tara faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey aka fasa su, kuma masana da yawa na ganin har da ƙyamar baƙaƙe da 'yan luwaɗi a ciki, tunda daga gidajen rawarsu kiɗan ya taso. Nan da nan kamfanoni suka ja baya. Haka a 2023, da aka ƙaurace wa giyar Bud Light kan tallar da ta yi da wata mai sauya jinsi, Target ma ta janye wasu kayan Pride daga shagunanta. Makaɗin fada ai ba shi ke naɗa sarki ba, sai an naɗa yake buga tambari. Sannan kada a manta Anita Bryant mawaƙiya ce, ita ta jagoranci kamfen ɗin da ya rusa dokar kare 'yan luwaɗi a yankin Miami a 1977.

Baban Ihsan: Auta, kai ba ka da ɗa tukuna. Ku duka kuna maganar manya, ni yara nake ji. Maman Walid ta ce sanin mutum ne ke sauya zuciya, na yarda. To yaron da ke kwana da waya a ƙarƙashin filo, wa ya sani fiye da mawaƙinsa? A 2019 Old Town Road ta yi mako 19 a lamba ɗaya, 'yan firamare na rera ta. Ihsan tana bayan motata tana bugun kujera da ƙafa tana bi. Ana cikin haka, ranar ƙarshe ta watan Yuni, mai waƙar, Lil Nas X, ya bayyana cewa shi ɗan luwaɗi ne. Yaran sun riga sun so shi. Ba sai yana cikin danginka ba, ya riga ya shigo ɗaki.

Maman Walid: Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya. Na karɓi rabi.

Malam na Kano: Ku bar ni in sa baki daga gida. Waƙoƙin nan duka matasanmu sun ji su, a Legas da Abuja har da nan. A watan da aka yi wancan ɗaurin aure na Grammy, Janairun 2014, a cikinsa Jonathan ya sa hannu a dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma jama'a Musulmi da Kirista suka yi na'am. Kunne ɗaya, waƙa ɗaya, sakamako daban. Abin da ya bambanta shi ne a can riƙon addini ya yi sanyi a wurin da yawansu, kotu da makaranta kuma suka tafi hanya guda. Hukuncin addininmu a bayyane yake, ba shi muke muhawara a kai ba.

Kawu: Haka ne Malam. Sai dai 'ya'yanmu ba a Kano suke tashi ba. Binciken Pew ya nuna Musulmin Amurka masu cewa al'umma ta karɓi 'yan luwaɗi kashi 27 ne a 2007, suka kai 52 a 2017. Ban ɗauka duka sun halatta abin ba ne. Da yawa suna raba tsakanin abin da suka yi imani da shi da haƙƙin maƙwabci a ƙasar da su ma tsiraru ne.

Auta: Kuma ba a miƙe abin yake tafiya ba, Kawu. Goyon bayan 'yan Republican ga auren jinsi ya sauko daga kashi 55 zuwa 41 a 2025, alhali waƙoƙin ba su ragu ba.

Maman Walid: A jiharmu ma iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery sun kai ƙara kan littattafan firamare masu labaran 'yan luwaɗi, a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba su damar cire 'ya'yansu daga darasin. Amma kotu ba za ta amsa maka tambayar ɗanka ba. Walid ya dawo ya ce min abokinsa na ƙwallo uwa biyu gare shi, ɗaya ce ma ta ɗaure masa ƙafa da ya gurɗe. Na zaunar da shi na gaya masa abin da addininmu ya ce, ban ɓoye ba. Na kuma ce in na ji ya zagi yaron nan ko ya tsokane shi, ni da shi ne, kuma gobe ya je ya yi wa matar godiya. Ba daga waƙa tambayar ta zo ba, Yaya, daga filin ƙwallo ta zo.

Baban Ihsan: Taki daga fili ta zo, tawa daga waya za ta zo, shi ya sa ban janye ba. Kawu, shekarun Boy George talabijin ɗaya ce a falo, uba na zaune. Yanzu kowa da abin sa wa a kunnensa. In akwai wanda ya san yadda ake taƙaita YouTube a wayar yaro ba tare da an kai ga rigima ba, ya turo min, zan duba in na sauke fasinjan nan.