Neman shawara: ziyarar garin Tafawa Ɓalewa a lokacin bikin Lhim Zaar

Malamin Kumo:

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Kumo, jihar Gombe, kuma ina da niyyar kai wasu daga cikin ɗalibaina garin Tafawa Ɓalewa, mahaifar Firaministan Nijeriya, marigayi Sir Abubakar. Yaran sun san fuskarsa a jikin takardar naira biyar, sun kuma haddace cewa an haife shi a 1912 an kashe shi a 1966, amma abin yana damuna ƙwarai cewa iyakar saninsu ke nan game da mutumin da ya fito daga maƙwabciyar jiharmu. Na ji kuma ana wani babban bikin gargajiya a garin bayan damina. Shin zai yiwu a haɗa ziyarar da bikin a tafiya ɗaya? Me ya kamata mu gani, kuma yaya hanyar take?

Ɗan Wunti:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne kabarin marigayin ba a garin Tafawa Ɓalewa yake ba, a cikin birnin Bauchi yake, kuma baƙi da yawa sukan ɗauka a garin yake saboda sunan garin da na marigayin ɗaya ne. A garin Tafawa Ɓalewa aka haife shi, ya kuma fara karatu, amma daga baya ya zo makarantar lardi ta Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya dawo Bauchi ya koyar a makarantar midil. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, da aka gano gawarsa a gefen hanya kusa da Legas, nan Bauchi aka kawo shi aka binne.

Saboda haka ina ba ka shawara ku fara da hubbaren, wanda aka buɗe a 1979. Ginin da kansa darasi ne. Za ku bi ta wani dogon lungu mai duhu wanda yake nuna zamanin mulkin mallaka, hanyar tana hawa a hankali, haske yana ƙaruwa, har ku fito fili inda kabarin yake, babu rufi a kansa, babu wani ado na a zo a gani. Na sha ganin ɗalibai sun shigo da surutu, amma da zarar sun tsaya a gaban kabarin sai kowa ya yi tsit. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa da hotunansa. Ka roƙi ma'aikatan wurin su ba yaran bayani a tsanake, kada ku yi gaggawa.

Maman Bogoro:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni 'yar ƙabilar Zaar ce, waɗanda aka fi sani da Sayawa, kuma bikin da kake magana a kai namu ne, Lhim Zaar. Biki ne na godiya bayan amfanin gona ya nuna, galibi cikin watan Nuwamba, kuma shi ne lokacin da 'ya'yanmu da ke aiki a Jos da Abuja da Kaduna suke dawowa gida. Ƙauyuka daga Tafawa Ɓalewa da Bogoro sukan zo da makaɗansu da 'yan rawarsu, kowace ƙungiya ta shiga fili da nata salon, ƙura ta turnuƙe har ta lulluɓe gashin ido, tsofaffin mata suna guɗa a bayan matasa. Ba a hana baƙo kallo, sai ma a yi murna da zuwansa.

Hanyar kuwa, daga Bauchi za ku fita ta Yalwa ku kama hanyar Dass, ku wuce ta gindin duwatsun Mbula, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya. Ku fito da sassafe, ku riƙe ruwan sha da abincinku, domin ranar biki garin yakan cika maƙil, masauki kuma ba shi da yawa.

Tsohon Hedimasta:

Na karanta abin da 'yan'uwa suka rubuta, kuma na yarda da su, sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye wa mai ɗauke da 'ya'yan mutane ba. Garin nan ya sha fama da rikice-rikice, musamman a 1991 da 2011, an yi asarar rayuka daga kowane ɓangare, har daga baya aka mayar da hedikwatar ƙaramar hukumar zuwa Bununu. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma raunin bai gama warkewa a zukatan mutane ba. Ka nemi izinin iyaye a rubuce, ka sanar da hukumar ilimi, ka tabbatar da ranar bikin daga bakin mutanen garin kafin ku taso, ka kuma ja kunnen yaran kada su tsoma baki cikin gardamar sarauta ko ta addini. A ganina ma gara ka raba tafiyar gida biyu: hubbare rana ɗaya, ku kwana a Bauchi, washegari ku je biki ku juyo kafin la'asar. Daga Gombe zuwa Bauchi kaɗai kusan kilomita 150 ne, kuma yaron da ya gaji ba ya ɗaukar darasi.

Malamin Kumo:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode wa kowa. Zan bi tsarin kwana biyun, in kuma rage yawan ɗaliban zuwa cikin mota ɗaya. Maman Bogoro, don Allah idan an tsayar da ranar bikin bana ki sanar da ni a nan, kuma idan akwai dattijon da zai yarda ya zauna da yaran ya ba su tarihin garin, zan so a haɗa mu tun kafin lokacin.