Injin 1HZ ne kaɗai ya dace da tsohuwar Land Cruiser?

Alhaji Mansur: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Land Cruiser ɗin da na gada wurin mahaifinmu, FJ60 ƙirar 1984, injinta na asali 2F, mai shan fetur, ya gaji. Tana shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, idan ta ɗau kaya ba ta iya hawan tudu. Bodi da shasi kuwa garau suke. Aikinta zuwa gona wajen Ningi, musamman da damina. Bakanikena ya ce duk wanda ya sa wa irin wannan mota injin da ba 1HZ ba, wato injin dizal na Toyota, ya zubar da kuɗinsa. Haka ne?

Illa Agadas: Wa alaikumus salam Alhaji. Bakanikenku ya faɗi gaskiya, kada ku ƙara neman wata shawara. Mu da ke bin hanyar Dirku mun san shi. Silinda 6, lita 4.2, ba tobo, ba ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Tun 1990 Toyota take yin sa, kuma ta ci gaba da sa shi a motocin da take kawowa Afirka, don ta san irin hanyoyinmu. In ya tsaya a hamadar Tenere, da sifana da tsumma kake tada shi.

Oga Sani Bakanike: Illa, ba wanda ya ce 1HZ ba inji ba ne. Amma tambayar Alhaji ba "wane inji ya fi" ba ce. Mota ce ta fetur za a mayar ta dizal, kuma kuɗin injin shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Bari in lissafa muku. Giyar 2F ba za ta kama bayan 1HZ kai tsaye ba, bakin da suke haɗuwa ba iri ɗaya ba ne, sandar da ke shiga kuloci ma daban take. Saboda haka a aikace inji da giya za ku saya tare. Da zarar giya ta canza, akwai yiwuwar a yanke farfela ko a ƙara mata tsawo. Sai kujerun inji, a yanke na da, a yi waldar sababbi a jikin shasi. Sai lagireto, sai salansa, sai wayoyin hita ta tashin safe. Tanki a sauke a wanke, a tabbatar akwai layin da mai zai riƙa komawa, a sa matatar da ke raba ruwa da dizal. Duk wannan kafin a murza makulli sau ɗaya.

Illa Agadas: Sau ɗaya ake biyan wannan, Oga. Fetur kuwa kullum ake sayen sa. 2F ai ba ya ƙoshi.

Malam Kabiru: Wannan lissafin a wurinku ne yake fita, Illa, ku da kuke kashe dubban kilomita a wata. Motar Alhaji ta gona ce, wataƙila a sati sau ɗaya take fita. A Najeriya kuma an daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin dizal, ya yi shekaru yana sama da fetur. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya rage tazarar, gaskiya ne. Amma Alhaji ya ɗauki biro ya raba kuɗin aikin da Oga ya lissafa da abin da zai rage na mai a shekara, ya ga shekara nawa za ta fito masa.

Nura Rewaya: Ni fa ban ga dalilin da za a cire tsohon inji mai nauyi a sa wani mai nauyi ba. Yallaɓai, ku nemi 1UZ na Lexus LS400. V8 ne, lita 4.0, jikinsa alminiyam, dokinsa ya kai wajen 250. 1HZ dokinsa wajen 130 ne, bai ma kai na 2F ɗin da kuke son cirewa ba lokacin yana sabo. Ku biya kuɗi mai yawa ku sami motar da tirela za ta riƙa wuce ku a hanyar Bauchi?

Oga Sani Bakanike: Nura, kasuwa kake nema wa kanka.

Nura Rewaya: Ko ina nema, ƙarya na yi?

Oga Sani Bakanike: A kan lambobi ba ka yi ƙarya ba. Amma 1UZ da giyar otomatik ya zo, kuma ba ya tashi sai da ƙwaƙwalwarsa da tarin wayoyinsa. Rannan aka jawo mini wata da aka yi wa irin wannan aikin. An ɗaure ƙwaƙwalwar a ƙasa wajen ƙafar fasinja, mai ita ya shiga rafi, ruwa ya taɓa ta, shi ke nan. Muka ɗaga kafet muka tarar da wayoyi sun fi ashirin an haɗa su da baƙin tef, ba mai launin da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya haɗa su shi kaɗai ya san ina kowace ta nufa, kuma ya bar gari. Kuma birkin bayan FJ60 na ganga ne. Ka ninka mata ƙarfi, ka bar mata birkin 1984?

Nura Rewaya: Wannan laifin mai aikin ne, ba na injin ba.

Illa Agadas: To kun ji. Shi ya sa na ce dizal. Ba fulogi, ba koyil, ruwa ba ya kashe shi.

Baba Ɗanladi: Yaro, a nan ka wuce gona da iri. Na yi tuƙi tun ana yayin 2H, tsohon injin dizal na Land Cruiser. Ruwa ba ya kashe wutar dizal don ba shi da ita, amma in ya shaƙi ruwa ta hancin iska, ya fi na fetur mutuwar wulaƙanci. Matsin 1HZ ya haura 22, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai dai sandar fistin ta lanƙwashe. Na fetur sau da yawa ka kwance fulogai, ka murza, ruwan ya fito, ka shanya, ka tafi.

Sannan akwai abin da ba ku faɗa ba. Famfon mai na 1HZ da dizal ɗin da ke bi ta cikinsa yake samun santsi. Ka sha man jarka da aka gauraya da kananzir, a hankali zai cinye famfon, gyaransa kuma ba aikin bakin titi ba ne, sai masu na'urar gwaji. Famfon 2H na jere ne, ya fi haƙuri da mugun mai, kuma 2H ba shi da bel ɗin taimin, haƙora ne. Shi 1HZ bel gare shi, ka manta ka canza a kan lokaci ya tsinke, bawul ya gamu da fistin. Ba na ce a sayi 2H ba, shi ma ya tsufa kamar ni, an daina yin sa tun wajen 1990. Ina dai nuna muku ba inji marar lago.

Illa Agadas: Baba, na yarda da zancen famfo. Amma bel kowane kilomita 100,000 ne. Wanda ya kasa wannan bai kamata ya riƙe mota ba.

Malam Kabiru: Illa, tsakaninka da Allah, matasan direbobinku masu sababbin a-kori-kura, dizal suke saye ko V6 na fetur?

Illa Agadas: Masu gaggawa V6 suke so, gudu suke nema. Alhaji ba tsere zai yi ba.

Oga Sani Bakanike: Abin da ya fi damuna shi ne wane 1HZ ɗin za a samu. Injin Lexus daga motar gida yake fitowa, wadda ta yi rayuwarta a kan kwalta. 1HZ kuwa ba a cire shi daga motar da ke hutawa. Daga motocin daji yake fitowa, da na kamfanonin haƙar ma'adinai, da bas-bas ɗin Coaster. Na Coaster da yawa wutarsu volt 24 ce, motar Alhaji kuwa 12, ga kaskon mai da ba lallai ya zauna sama da aksul ɗin gaba ba. Sunan injin ya sa ko gajiyayye tsada gare shi. In kun je Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada fenti ya ruɗe ku. Ku ce a tada shi a ƙasa, da sanyinsa, ku fara taɓa shi da hannu ku tabbatar ba a ɗumama shi kafin ku zo ba. Yana aiki ku buɗe murfin baƙin mai ku ɗora shi a bakin ramin ba tare da kun murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauransa. In iska ta ture shi, ringi ya tafi, gyaran da kuke gudu shi kuka sayo da kuɗin inji.

Nura Rewaya: To a sa masa tobo mana, tunda ba shi da ƙarfi.

Baba Ɗanladi: Ba a gina fistin ɗinsa don tobo ba. Masu yi suna yi, masu ƙona fistin ma suna ƙonawa. Mai son tobo ya nemi 1HD-T, ɗan'uwan 1HZ da ya zo da tobonsa, shi ma na farkon-farkon a duba metal ɗin kiranshansa.

Alhaji Mansur: Kun ƙara rikita ni. Oga Sani, in taka ce me za ka yi?

Oga Sani Bakanike: Ranka ya daɗe, ba zan sayi komai ba sai na buɗe wanda ke ciki. 2F baƙin ƙarfe ne tun daga kai har gindi, ba bel ba sarƙa. In bulok bai tsage ba, a yi borin, a sa fistin da ringi, a goge kiransha, a gyara kafireto. Giya, farfela, wayoyi, har lambar inji a takardunku, ba abin da zai motsa. In ya tsage, sai in nemi 3F, ƙaninsa ne, lita 4.0, gida ɗaya suka fito, zamansa a wurin ba ya buƙatar wannan yanke-yanken.

Illa Agadas: Kayan 2F ɗin a ina? An daina yin sa tun shekarun 1980. Kayan 1HZ kuwa daga Agadas har Injamena ba garin da ba ka samu.

Oga Sani Bakanike: Nan ka fi ni gaskiya. Sai an yi oda an jira, kuma akwai jabu. Amma gyara ɗaya mai kyau zai kai Alhaji shekaru a irin tafiyarsa.

Malam Kabiru: Ga kuma wani abu: injin fetur ya fi sauƙin mayarwa mai amfani da iskar gas, in gidajen sayar da ita suka yawaita a Arewa.

Illa Agadas: In suka yawaita. Tukunyar gas a bayan motar da za ta ɗau buhunan masara? Ni dai ina kan bakana. Duk motar da za ta yi nisa da gari, gazuwal, wato dizal.

Baba Ɗanladi: Ningi ba Tenere ba ce, Illa.

Alhaji Mansur: Na gode muku duka. Oga Sani, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa a jawo ta garejinka, ka cire kan injin mu gani da idonmu. Illa, kai kuma ka tambayo mini kuɗin 1HZ da giyarsa a wajenku, mai wuta 12, don in san abin da ke gabana in bulok ɗin ya ƙi.

Illa Agadas: An gama, Alhaji. Amma ku sa kuɗin kwastan a lissafin.