Taya ɗaya da giya ɗaya: wa ya taɓa auna lokacinsa a hanya guda?

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa auna lokacin da yake ɗauka kafin ya kammala zagaye ɗaya a hanyar kekunan duwatsu bisa keke mai taya ɗaya, sannan ya kwatanta shi da na mai keke mai giya ɗaya a wannan hanyar. Na zaɓi mai giya ɗaya ne domin shi ya fi kusa da mu, tunda shi ma ba shi da abin sauyawa idan hawa ya tsananta, sai dai ya miƙe a kan feda ko ya sauka ya tura. Nawa misalin daga Slickrock ne, kusa da garin Moab a jihar Utah ta Amurka, zagaye mai tsawon mil 10.5, wato kusan kilomita 17, wanda aka shata a 1969 domin ƙananan babura kafin masu kekuna su mamaye shi. Na bi shi da taya mai inci 29, abokin tafiyata kuma yana kan giya ɗaya, kuma ƙarfinmu kusan ɗaya ne. Shi ya gama cikin awa biyu da 'yan mintoci, ni kuwa na haura awa uku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a wuraren hawa ba ya tsere mini ko kaɗan, amma da zarar mun kai ƙololuwa sai in neme shi in rasa. Ina so in ji ko haka abin yake a wurinku.

Mai giya ɗaya

Wa alaikumus salam, Malam. Ni daga ɗaya ɓangaren nake, kuma abin da ka gani shi ne abin da nake gani duk lokacin da na fita da masu taya ɗaya. Kekena yana da haƙora 32 a faifan sarƙa na gaba da 20 a na baya, tayarsa kuma inci 29 ce irin taka. Kewayen irin wannan tayar kusan mita 2.3 ne, saboda haka kai duk juyin feda ɗaya mita 2.3 yake kai ka, ni kuwa yana kai ni kusan mita 3.7. Idan muka juya feda sau 100 a minti, kai ba za ka kai kilomita 14 a awa ba, ni kuma ina kusan 22. A hawa mai tsanani wannan rata tana komawa kaina, domin giyata ta yi mini nauyi, taka kuma ta yi daidai da tudun. A kan falalen dutsen Slickrock, inda taya take kama ƙasa kamar an manna ta, na sha ganin mai taya ɗaya yana hawa a miƙe, hannunsa riƙe da gaban sirdi, alhali ni ina tura keke a gefensa. Amma babban abin da ya raba mu shi ne firiwil, wato abin da yake barin taya ta ci gaba da juyawa ko da feda ta tsaya. Ko tsohon keken Raleigh da muka taso da shi a gida yana barin mutum ya tsayar da ƙafa ya huta a gangara, ku kuwa fedarku a manne take da cibiyar taya, ba ku da mita ɗaya da za ku samu a kyauta.

Mai taya inci 26

Na yarda da lissafin, amma ina ganin kun ɗauki hanyar da ta fi ba mai taya biyu dama. Inda nake hawa, a dazuzzukan arewacin Vancouver a Kanada, hanyar cike take da saiwoyin itatuwa masu santsi, da kwanoni masu matsi, da matakan duwatsu, ta yadda mai keke ma ba ya samun sararin sakin birki. A can ratar tana raguwa ƙwarai. A wata gajeriyar gangara mai gargada da muke yawan bi, ni da wata 'yar'uwa mai giya ɗaya kusan tare muke isa ƙasa, domin ita dole ta nemi wurin da tayoyinta biyu za su wuce, ni kuwa ina iya tsayawa cik, in yi tsalle gefe, in juya a wurin da bai fi faɗin tabarma ba. A irin waɗannan duwatsun ne Kris Holm, fitaccen mahayin keke mai taya ɗaya ɗan Kanada, ya ƙware, kuma a 2010 ya shiga gasar kekunan duwatsu ta BC Bike Race ta kwana bakwai da taya ɗaya a tsakiyar masu kekuna. Saboda haka tambayar farko a wurina ita ce wace irin hanya ake aunawa.

'Yar'uwa mai taya inci 27.5

Akwai abin da ba ku ambata ba, wato faɗuwa da sake hawa. Ba faɗuwar jin ciwo nake nufi ba, sai wadda taya take cin karo da dutse, mutum ya dire a kan ƙafafunsa, keken ya gangara baya. Kowace irin wannan tana cin lokaci: a ɗauko keke, a daidaita feda, a nemi inda za a hau, kuma idan a tsakiyar tudu ne ko cikin yashi mai laushi, irin ramukan da suke tsakanin duwatsun Slickrock, sau da yawa sai an taka da ƙafa zuwa wuri mai ƙwari. Lokacin da na fara duba bayanan da agogona yake turawa Strava, manhajar da take adana bayanan tafiya, na ga lokacin da nake cikin tafiya bai yi nisa da na masu giya ɗaya kamar yadda jimillar take nunawa ba. Tsayuwa ce take cinye mini kaso mai yawa, musamman a kashi na ƙarshe na zagaye, lokacin da cinyoyi suka gaji da riƙe taya a gangara. Sanya birki mai faifai ya rage mini wannan gajiyar sosai, kuma lokacina ya gyaru ba tare da na ƙara gudu ba. Ina ba Malam shawara ya raba lokacin tafiya da na tsayuwa kafin ya yanke hukunci.

Mai cibiya mai giya biyu

Ni ina amfani da cibiyar Schlumpf, wadda ake ƙerawa a Switzerland, mai giya biyu da ake sauyawa ta hanyar buga maɓalli da dunduniya. A babbar giya, taya tana juyawa sau ɗaya da rabi a kowane juyin feda, wato inci 29 ta koma kamar 43.5, alhali keken ɗan'uwa mai haƙora 32 da 20 yana daidai da kusan 46. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mai laushi ina iya bin bayan masu giya ɗaya na tsawon lokaci. Sai dai a gargada babbar giyar tana da wuyar sarrafawa, domin ƙaramin dutse yana iya ture mutum kafin ƙafarsa ta gyara, kuma cibiyar tana ƙara nauyi a hawa. A Slickrock, inda hawa da gangara suke bin juna ba hutu, da ƙyar nake samun wurin shiga babbar giyar, saboda haka lokacina bai bambanta sosai da na Malam ba.

Mai buɗe zance

Na gode, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Shawarar 'yar'uwa zan bi. Idan zafin Moab ya sauka a kaka, ni da abokina za mu koma ƙaramin zagayen gwaji da yake bakin hanyar, mu auna hawa daban, gangara daban, tsayuwa daban. Sandar fedata milimita 150 ce. Zan gwada 137 a rana guda domin in ga ko saurin juyi a gangara zai biya abin da zan rasa a tudu. Duk wanda zai yi irin wannan awon a hanyarsa, don Allah ya rubuto da girman tayarsa, da tsawon sandar fedarsa, da haƙoran keken da ya kwatanta da shi.