Yis ɗina ya yi yawa a ruwan majema amma ba mai, ina matsalar take?

Ɗalibar Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu, kuma binciken kammala karatuna a kan samar da man dizal ne daga kitsen da yis ke tarawa a jikinsa. Malamina ya ba ni jan yis ɗin nan, Rhodotorula, ni kuma na ce sai a ruwan da majemun fata ke zubarwa zan raine shi, don a Sharaɗa na tashi, warin ruwan nan na san shi tun ina firamare. Na tace ruwan, na dafa, na zuba yis. Kwana biyar kwalaben sun yi jajir, har na fara murna. Da na busar na tatsa, man bai kai kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa ba, alhali na karanta cewa irin wannan yis kan wuce kashi 50. Sau uku ke nan. Hekzen ɗina, wato sinadarin da nake tatso man da shi, ya kusa ƙarewa, kuma da kuɗin aljihuna nake saya. Don Allah me nake yi ba daidai ba?

Tsohon Malamin Lab:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yis ɗinki lafiyarsa ƙalau, kin ƙosar da shi ne ta inda bai kamata ba. Waɗannan halittu ba sa tara kitse sai naitirojin ya ƙare musu alhali sukari yana nan. Muddin akwai naitirojin, hayayyafa kawai za su yi ta yi. Idan ya yanke, rabuwa ta tsaya, sai su riƙa mayar da sukarin kitse suna ajiyewa. To ruwan majema cike yake da naitirojin: ga furotin ɗin fata da gashi, ga gishirin amoniya da ake cire farar ƙasa da shi. Ki auna kabon, wanda yis ke samu daga sukari, da naitirojin kafin ki sake zuba komai. Galibi ana son kabon ya ninka naitirojin sau 60 ko fiye.

Ki sirka ruwan, ki ƙara masa baƙin ruwan raken nan da ke saura a kamfanin sukari, ki bar shi ya kai kwana bakwai ko takwas. Sannan ina tambaya, daga wane mataki kika ɗebo ruwan? Idan na bayan jima ne, akwai kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi mai iya cutarwa, a ciki, kuma yis zai zuƙe shi. Tukar da ta rage bayan tatsa kada ta kusanci abincin kaji. Abu na ƙarshe, bangon ƙwayar yis tauri gare shi. In ba ki fasa shi da ruwan asid mai zafi ko 'yan duwatsun gilashi ba, hekzen wankan banza zai yi masa, man yana ciki.

Mai Janareta:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara uku ina haɗa man gas da tsohon man suyar masu awara da ƙosai. Ƙanwata, in kin samu man, ki kula da ruwa. Ɗigo kaɗan ya shiga, kina zuba metanol da soda sai ki ga sabulu, duk ya kame kamar kamu. Na yi asarar jarka biyu kafin na gane. Baƙin glisarin, ruwa mai kauri da ke kwantawa a ƙasa bayan haɗin, kuma ya cika min durom, na rasa yadda zan yi da shi.

Injiniya daga Kaduna:
Ba don in kashe miki gwiwa ba, amma ki sa lissafin kuɗi a babi na biyar. A aikace sukari kilo 5 ne ke ba da mai kusan kilo 1, ban da wutar juyawa da ba da iska da busarwa. Kamfanin Solazyme na Amurka ya yi man gansakuka har ya sayar wa sojojin ruwan ƙasar, amma ya kasa gogayya da farashin ɗanyen mai. Ya koma kayan abinci da sunan TerraVia a 2016, ya karye a 2017. In za ki sayi sukari don ki gyara ruwan majema, riba ta tafi. Hujjarki mai ƙarfi ita ce tsaftace ruwan, man kuwa gyara ne.

Ɗalibar Sharaɗa:
Baba, Allah Ya saka da alheri, wallahi ban taɓa fasa bangon ba, busarwa kawai nake yi in zuba hekzen. Ruwan kuma daga babbar kwata na ɗebo, duk a gauraye yake, gobe zan kai a duba kuromiyam. Injiniya, na ji, zan rubuta ko da ba daɗi. Yaya Mai Janareta, kada ka zubar da glisarin nan. Akwai yis mai suna Yarrowia da ke cinsa ya yi kitse, kuma cike yake da kabon ba naitirojin, abin da ruwana ya rasa ke nan. Lita biyu ta ishe ni gwaji. A wace unguwa kake?