Baƙuwa daga Kano na neman ƙauyen da za ta leƙa a kewayen Kumasi

Baƙuwa daga Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bikin 'yar yayata ya kawo ni unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana. Kasuwar Kejetia kam na zaga ta har ƙafa ta gaji. Kafin in koma ina son ganin ƙauyen da ake sana'ar gargajiya. Ina za ku tura ni?

Hajiya ta Sabon Zango: Wa alaikumus salam, maraba da mutanen Dabo. Bonwire za ki fara, garin masaƙan kente, zanen gargajiya na Asante, ta wajen Ejisu, ba nisa. Maza ke saƙar. Za ki ga mutum zaune, igiya a tsakanin yatsun ƙafarsa yana taka ta, hannu na jefa ƙoshiya, ziri na fitowa mai faɗin tafin hannu. Sai an haɗa zirin da yawa a ɗinke kafin ya zama zane. Su dai sun ce a wurin gizo-gizo kakanninsu biyu suka koya. A 2024 UNESCO ta sa kente cikin kayan gadon duniya.

Direban trotro (motar haya): Hajiya, a yi mini afuwa, ni Adanwomase zan kai ta. Maƙwabta ne, saƙar ɗaya ce, amma a Bonwire masu talla kan yanyame baƙo tun bai sauka daga mota ba. A Adanwomase akwai ɗan rakiya, zai zaunar da ke a masaƙa ki gwada, ya biya da ke gonar koko.

Hajiya ta Sabon Zango: Ɗana, talla ai neman halal ne, 'yar Kano ba ta tsoron ciniki. Amma ka yi gaskiya, can ya fi natsuwa.

Malam na Asawase: Ki haɗa da Ntonso, kan hanyar Mampong, inda ake buga adinkra, wato zane mai tambarin gargajiya. Da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa tambarin, su dafa ɓawon wata bishiya har ya yi baƙi ƙirin, su dangwala su buga a zane. Kafin ki kai za ki ratsa Ahwiaa, garin masassaƙan kujeru. Abin da na fi so ki riƙe shi ne gaisuwa. Kada ki shiga da waya a sama kina ɗaukar hoto. In kin tarar da mutane a zaune, ki fara gaisawa daga na damanki ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Za su ba ki kujera da ruwa, sannan su tambayi abin da ke tafe da ke ko da sun sani. Ki amsa a natse, girmamawa ce.

Anti mai waakye (shinkafa da wake): Wallahi haka ne. Ruwan sama ya taɓa tsare mu a Ntonso, wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da masu rinin ta yafito mu rumfarta. Ba ta jin Hausa, ni kuma Twi ɗina, wato yarensu, na kasuwa ne. Da ta ga mun ɗauki buta, da kanta ta share gefen tsakar gida ta shimfiɗa sabon zane, ta kori jikokinta kada su gifta mana. Muna sallamewa ga gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Har yau in na bi hanyar sai na kai mata ƙosai.

Baƙuwa daga Kano: Allah sarki, Allah ya saka mata. To abinci fa, Anti? Ina tsoron nama.

Anti mai waakye: Ki tambaya kafin a zuba, don wasu na sa naman daji a miyar fufu. Ki ce kifi kawai. Ko ki nemi zangon garin, da wuya ki rasa masallaci da mai tuwo.

Malam na Asawase: In da sauran lokaci ki tsaya Besease kusa da Ejisu, ƙasar Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Akwai tsohon ginin laka na Asante mai zane a bango, cikin waɗanda UNESCO ta amince da su tun 1980. Ɗakin tsafinsu ne, don haka ki sani kafin ki je. Ginin za ki duba, kamar yadda ake duba zanen bangon gidajen Zariya.

Direban trotro: Ban da Asabar, ranar jana'izarsu ce, Lahadi kuma coci. Ki shirya Talata da sassafe, ki riƙe ƙananan sidi, kuɗin Ghana, a hannu.

Hajiya ta Sabon Zango: Ki duba bayan zanen kafin ki biya, in babu ɗinkin ziri na kamfani ne. Ki biyo ta gidana Litinin, zan ba ki saƙon gyale ɗaya.