Wa ya taɓa ɗaukar babban kare da mai shi ya yasar?

Mai tambaya, Sabuwar Unguwa, Katsina

Assalamu alaikum jama'a. Maƙwabcinmu ma'aikaci ne, an yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe iyali da kaya ya bar karensa, wai wani zai zo ya ɗauka. Har yau shiru. Karen babba ne, ja, kullum yana kwance bakin ƙofar da aka garƙame, sai abin da yara suka jefa masa. Ina da gona da 'yan tumaki a hanyar Mani, kuma mai gadina ya ce yana so. Na ji a Ingila da Amurka akwai gidajen da ake tara irin waɗannan karnuka, a yi musu allura, a faɗa maka halin kowanne kafin ka ɗauka. Mu nan kam sai dai ka ɗauka da halinsa. Wanda ya taɓa riƙon babban kare, ba kwikwiyo ba, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai lambu a Ajiwa

Wa'alaikumussalam. Malam, ni karya na ɗauka, wasu magina ne suka gama aiki suka watse suka bar ta a fili. Abin da zan fara gaya maka: kada ka yanke mata hukunci da abin da ka gani a makon farko. Tawa da muka kawo ta lambu, ƙarƙashin amalanke ta shige. A aje mata tuwo da romo, ba za ta taɓa ba sai kowa ya bar wurin, sannan ta fizgi loma ta koma ciki ta ci. Haushi kuwa ko sau ɗaya. Yarana suka yi ta dariya wai na kawo maigadi bebe.

Na ɗaure ta da doguwar igiya a gindin mangwaro, na hana kowa ba ta abinci sai ni. Da la'asar in zauna nesa kaɗan ina gyaran tiyo, ban kallon ta, ban kiran ta. A hankali ta fara fitowa ta kwanta inda za ta riƙa hango ni. Abin da na lura da shi, duk wanda ya ɗaga hannu sama, ko da hula zai gyara, sai ta manne da ƙasa ta runtse ido. Ba sai an faɗa maka ba, ta sha duka. Har yau in mutum ya shigo da sanda sai na ce ya aje ta bakin shinge.

Ta kusa wata biyu kafin ta yi haushin farko, da dare, kan wasu da suka zo wajen injin ban-ruwa. Sai da ta yarda wurin nata ne sannan ta fara tsaronsa.

Uwar gida, Daura

Ni tawa ba ta yi daɗi ba, gara in faɗa. Maigidana ya tausaya wa wani kare da ke yawo a bayan unguwa, duk haƙarƙari a waje, ya kawo shi gidan gona. Da mutane lafiya lau, har yara na hawa bayansa. Amma da ya murmure ya ji ƙarfi, sai ya faɗa wa zabbina. Ba ci yake ba, ya kama ya girgiza ya yar, ya bi na gaba. Aka yi ɗauri, aka yi tsawa, a banza. Ashe karen farauta ne. Ƙarshe wani ɗan farauta muka ba, ina jin a can ya samu abin da ya dace da shi. Kai da ka ce kana da tumaki, ka yi tunani tun yanzu, musamman lokacin haihuwa.

Tsohon ɗan farauta, Mashi

Hajiya ta yi gaskiya, amma wannan ana gane shi tun kafin a yi asara. Ka riƙe shi da igiya ka wuce da shi ta gaban kaji. Wanda ya kalla ya kau da kai, ba matsala. Wanda ya sandare, ya miƙe wutsiya, ya kafe ido ko ƙiftawa ba ya yi, to an koya masa kamu ko kuwa jininsa ne, kuma ba ka raba shi da wannan. Ka buɗe bakinsa in ya yarda: haƙora farare masu tsini yaro ne, waɗanda suka dushe suka yi ja ya kwana biyu a duniya. Sannan ka tambayi yaran unguwa sunan da mai shi ke kiransa. Kada ka sake masa suna, shi kaɗai ya rage masa a abin da ya sani.

Ranar ɗauka kuma kada a tura yara su ja shi da waya a wuya. A bar shi da 'yar yunwa, wanda zai riƙe shi ya zo da nama da kansa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Katsina

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kafin a kai ga hali a fara da allurar haukan kare. Kare da ya yi makonni yana kwana a waje, ba wanda ya san da wa ya yi faɗa da dare. Ko mai shi ya rantse ya yi masa, in babu kati a hannu, a sake. Ana yi tun kare na wata 3, a maimaita duk shekara. Akwai wadda ake haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, akwai ta waje. Abin lura shi ne a ajiye ta cikin sanyi, don haka a je asibitin dabbobi, kada a saya a hannun mai yawo da ita cikin jaka a rana.

Ba don tsoratarwa ba, ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, mutum kusan 59,000 yake kashewa duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Sai maganin tsutsar ciki da na kaska. Ku duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan suke taruwa. In dasashinsa ya yi fari fat kuma ba ya son tashi, mai yiwuwa kaska ce ta sa masa ciwon jini, a kawo shi. Don Allah a daina shafa wa kare baƙin mai don ƙazuwa, a daina yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Na ga karnuka da dama da aka kawo suna dalala suna karkarwa, ba haukan komai, guba ce mai shi ya shafa musu da hannunsa.

Ɗalibi, Ƙofar Ƙaura

Likita, mu a gidanmu kwana 10 muka tsare namu a keji, da muka ga bai mutu ba aka ce ba shi da hauka. Ba shi ke nan ba?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Katsina

A'a ƙanena, an haɗa abu biyu. Kwana 10 na karen da ya ciji mutum ne: in ya wuce su garau, to lokacin cizon babu ƙwayar a yawunsa. Amma cutar kan yi makonni ko watanni a jikin kare kafin ta fito. Saboda haka sabon kare a ci gaba da sa masa ido, kada a sake shi cikin yara da wuri. In ya canja hali farat ɗaya, yana cizon itace ko ƙarfe, muryarsa ta sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada wanda ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashi.

Malamin makarantar dare, Ƙofar Marusa

Tunda na san wani zai tambayi hukuncin riƙon kare a Musulunci. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta, ko kiwo, ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Naka na gona da tumaki ne, yana cikin abin da aka yi rangwame. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. A ware masa kwanonsa dai, a nisanta shi da wurin salla. Wanda ya tafi ya bar dabba da yunwa a bakin ƙofa shi ya kamata ya ji tsoro, don mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, mun kuma san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da huffinsa.

Mai gidan kaji, hanyar Jibiya

Abinci ba shi da wuya: ƙanzo, ragowar tuwo, romon ƙashi daga mahauta. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji, ban da abin da albasa ta yi yawa a ciki. In ya rame sosai a fara da kaɗan-kaɗan, in ka cika masa kwano amai zai yi.

Amma ni abin da ya ci ni daban ne. Na ɗauki wani haka, na yi allura, na yi magani, ya yi ƙiba gashinsa na sheƙi. Kwatsam sai ga ƙanen mai shi da babur, wai yayansa ya aiko a ba shi karen, ajiya ya bari. Daga baya na ji masu sayen karnuka ne suka yi masa tayi. Sai da muka je gaban mai unguwa, aka lissafa abin da na kashe, ya ga ya fi kuɗin da za a ba shi, sannan ya haƙura. Don haka Alhaji, kafin ka sa masa igiya ka nemo lambar maƙwabcin nan, ka kira shi a gaban mutum biyu, ya faɗa da bakinsa cewa ya bar maka.